Kundin aiki: zare kafaffun sunayen laburare daga manhajar sito

Litinin, 6 Oktoba 2025

Yau Oga ya sa hannu, maganar zare kafaffun sunayen laburare daga furogiram ɗinmu ta tashi daga hira ta zama aiki. Abin da ya jawo ta abin kunya ne, gara in rubuta shi tun a shafin farko. Makon jiya na gyara furogiram ɗin da ke lissafin kuɗin buhu, na kwafe fayiloli zuwa laburaren gwaji, na shigar da tikitin awo na bogi guda uku. Allo ya nuna komai lafiya, na tashi na tafi gida. Washegari da hantsi sai ga kiran Hajiya mai kula da biyan kuɗi: "Ɗana, wane ne wannan manomin mai suna Gwaji Ɗaya da za mu biya kuɗin waken suya buhu hamsin?" Ashe can a tsakiyar furogiram ɗin CL, wato harshen umarnin na'urar, akwai layin OVRDBF, mai karkatar da furogiram zuwa wani fayil, da aka kafe sunan KAYADAT a cikinsa, wato laburaren bayanai na gaske. Ni ina ganin ina wasa a tsakar gida, ashe a kan titi nake. Allah ya sa Hajiya ba ta sa hannu a takarda sai ta karanta.

Domin wanda zai gaje ni: na'urar ta IBM ce, wadda ta fito a 1988 da sunan AS/400. Ta yi ta sauya suna, iSeries, System i, har tsarinta ya koma IBM i a 2008, amma a ofishinmu har gobe AS400 ake cewa. Tana zaune a hedkwata, mu nan Sabon Gari ta koren allo muke shiga. Duk wani fayil ko furogiram a cikinta yana zaune ne a laburare, kuma laburare ba ya shiga cikin wani laburare, dukansu a ƙarƙashin QSYS suke jere kamar rumbuna a bayan gida. Suna ba ya wuce harafi 10. Idan kana neman abu, ko dai ka faɗi rumbun da bakinka, KAYADAT/MANOMA, ko ka ce MANOMA kawai, ka bar na'ura ta bi jerin laburaren aikinka har ta same shi. Aikina shi ne in kwashe na farko in mayar da shi na biyu, don mu samu wurin gwaji na haƙiƙa, kuma sabon siton da za a buɗe a Saminaka ya yi aiki da furogiram iri ɗaya amma da nasa bayanan.

Alhamis, 9 Oktoba

Kwana uku muna ƙirga, ni da ɗan bautar ƙasa da aka turo mana. Mun bi rubutun tushe da umarnin bincike na FNDSTRPDM muna neman kalmar KAYADAT, sannan muka zuba sakamakon DSPPGMREF, umarnin da ke nuna abubuwan da kowane furogiram ke ambata, a fayil don mu kwatanta. Furogiram 412 ne gaba ɗaya, 163 daga ciki suna ɗauke da kafaffen suna aƙalla sau ɗaya. Yawanci a CL suke, domin tsohon RPG, ɗayan harshen da ake rubuta furogiram da shi, ba shi da gurbin rubuta sunan laburare a layin da ake bayyana fayil. Sai da kalmar EXTFILE ta zo a sigar tsarin na'urar ta V5R1 aka samu wannan ƙofar, kuma wani ya shige ta da gudu a furogiram goma sha.

Waɗanda suka fito fili ba su dame ni ba. Masu ɓuya ne ke ba ni tsoro. Akwai inda aka ajiye "KAYA" a wani canji, "DAT" a wani, aka liƙe su da *CAT, bincike ba zai taɓa kama su ba. DSPPGMREF ma a irin wannan wuri sunan canjin yake nuna maka, ba abin da ke cikinsa ba. Akwai kuma umarni da ake ginawa a cikin RPG a miƙa wa QCMDEXC, furogiram ɗin da ke zartar da shi. Waɗannan sai ido.

Talata, 14 Oktoba

Yaron ya tambaye ni yau, "Yaya, idan fayil biyu suna da suna ɗaya, wanne za ta ɗauka?" Na ce ya tuna aiken da ake yi masa yana ƙarami: je ka sayo ashana, fara da shagon ƙofar gida, in babu ka wuce na gaba. Inda ka fara samu nan za ka tsaya, ba ruwanka da ko na gaba ya fi kyau. Na buga DSPLIBL na nuna masa kashi huɗu na jerin. A sama akwai kason tsarin na'ura, wanda QSYSLIBL ke tsarawa, ba ya wuce laburare 15, can ne QSYS da QSYS2 da QHLPSYS da QUSRSYS suke. Sai gurbi biyu na laburaren kayan da ake gudanarwa a lokacin. Sai laburaren yanzu, guda ɗaya tak. A ƙasa kuma kason mai amfani, wanda ke ɗaukar har 250. Na ja masa kunne a kan tsarin hawan, na ce ya haddace shi kamar karatun allo.

Jerin da na tsara don aikin gaske: QTEMP (laburaren wucin gadi na kowane aiki), KAYADAT, KAYAPGM (na furogiram), QGPL (na kowa da kowa). Na gwaji: QTEMP, GWJDAT (bayanan gwaji), GWJPGM (furogiram na gwaji), KAYAPGM, QGPL. Hikimar ita ce GWJPGM ba ya ɗauke da komai sai furogiram ɗin da ake gyarawa, sauran sai a gangara a same su a KAYAPGM. Amma KAYADAT ba zai taɓa shiga jerin gwaji ba, ko a can ƙasa. Wani abokin aiki a hedkwata ya so a sa shi a ƙarshe "don kar a rasa fayil". Na ƙi. Gara furogiram ya faɗi da ihu ya ce bai ga fayil ba, da ya lallaɓa ya rubuta a na gaske ba wanda ya sani. GWJDAT kuma na ƙirƙire shi da nau'in *TEST, ko da yake na san kariyar UPDPROD, mai hana rubutu a laburaren gaske, a cikin STRDBG, wato zaman bin diddigin kuskure, kawai take aiki, ba ta tsare wanda ya kira furogiram kai tsaye.

Asabar, 18 Oktoba

Na je Tudun Wada gaishe da Malam, dattijon da ya rubuta kashin bayan wannan manhaja tun ana kiran na'urar da sunanta na fari. Ya yi ritaya, yanzu kiwon tumaki ya sa a gaba. Na same shi a zaure bayan la'asar, na kai masa goro, na buɗe kwamfuta na nuna masa jerin layukan da zan goge. Na tafi da niyyar girmamawa, amma a raina na riga na yanke hukunci cewa kasala ce ta sa ya kafe sunaye.

Ya daɗe yana kallon allon, ya gyara tabarau, sannan ya ce, "Kai yaro, ka san nawa jerin yake ɗauka a zamaninmu?" Na ce 25 ne, Baba, sai a 2001 aka faɗaɗa. Ya ce to madalla, amma ba wannan ne dalilinsa ba. A lokacin kowane ma'aikaci yana da layin buga umarni, kowa ya iya ADDLIBLE, umarnin ƙara laburare a jeri, kuma ADDLIBLE in ba ka ce komai ba a saman kason take ɗora laburare. Wani akawu ya taɓa kwafe fayil ɗin farashi zuwa laburarensa don ya yi lissafin kansa, ya manta da shi a jeri, aka yi kwana biyu ana biyan manoma da farashin makon da ya wuce. Daga ranar Malam ya rantse ba zai sake barin kuɗin mutane a hannun jerin da kowa ke iya taɓawa ba. "Na ɗaure akuya ne saboda babu shinge," in ji shi. "In za ka kwance ta, fara yin shingen."

Na ce, "Baba, amma ɗaurin ne ya sa ba ma iya gwaji." Ya yi dariya ya ce su a lokacinsu ranar Lahadi suke gwaji, bayan sun yi SAVLIB a kan kaset, in abu ya ɓaci su dawo da shi. Ban yarda da wannan hanyar ba, kuma ban fasa aikina ba. Amma a kan babur ina hawa gadar Kwangila na gane cewa jadawalina ba shi da ko layi ɗaya a kan wanda ke da ikon taɓa jerin. Na ƙara shi da daddare.

Laraba, 22 Oktoba

CL guda 58 sun kammala. Aikin ba wuya sai gajiya: goge sunan, harhaɗa (wato mayar da rubutun tushe furogiram), gwada. Wuta ta ɗauke sau huɗu, layin intanet ya katse sau biyu, ɗaya a tsakiyar harhaɗawa. Na rubuta ƙaramin furogiram guda, SAITAJERI, wanda ke karɓar sunan muhalli, GASKE ko GWAJI ko SAMINAKA, ya karanto jerin daga fayil ɗaya, ya yi CHGLIBL. Na zaɓi CHGLIBL ne domin tana share kason gaba ɗaya ta sa sabo. Tsoffin furogiram ɗin cike suke da ADDLIBLE da MONMSG na CPF2103 a bayanta, wato in laburaren yana cikin jeri a yi shiru a wuce. Shirun nan ne matsalar: yana cikin jeri, to a wane matsayi?

Yaron ya ci karo da CPF4131, saƙon da ke cewa tsarin fayil bai dace da wanda furogiram ya sani ba, karon farko a rayuwarsa. Ya harhaɗa RPG da jerin gwaji, inda muka ƙara wa fayil ɗin MANOMA gurbin lambar waya, sannan ya kira shi a kan tsohon fayil. Na bar shi ya yi minti ashirin yana zufa kafin in ce masa mai harhaɗawa ma jerin yake bi.

Litinin, 27 Oktoba

Yau na kusa maimaita Gwaji Ɗaya, kuma wannan karon babu kafaffen suna ko ɗaya a cikin rubutun.

Na gwada shigar da awo a muhallin gwaji. Jeri daidai, na duba sau biyu. Na shigar da tikiti, na leƙa GWJDAT/AWO, babu shi. Gabana ya faɗi. Na leƙa KAYADAT/AWO, ga shi zaune a layin ƙarshe, buhu goma na masara da sunan bogi. Na goge shi kafin Hajiya ta gani, sannan na zauna neman dalili.

Furogiram ɗin ba AWO yake buɗewa kai tsaye ba, AWOL3 yake buɗewa, fayil na leƙe, irin wanda ba ya ɗauke da bayanai sai dai ya zama taga a kan fayil na ainihi. Ita kuwa taga ba ta bin jeri a lokacin aiki. Ranar da aka ƙirƙire ta take kama fayil ɗin da za ta riƙa kallo, ta riƙe shi har abada. AWOL3 tun asali ba a KAYADAT take ba, wani ya ajiye ta a wani laburare dabam mai suna KAYARPT. Ƙa'idar CRTDUPOBJ, umarnin da na kwafe su da shi, kuma ita ce: in taga da fayil ɗinta a laburare ɗaya suke, kwafin zai kama kwafin, in a rabe suke, sabuwar taga tsohon fayil za ta ci gaba da kallo. To ga taga a ɗakin gwaji, amma tana buɗewa cikin siton gaske.

Na bi duk fayilolin KAYADAT da DSPDBR, mai nuna tagogin da ke kallon kowane fayil, na samu taga bakwai a GWJDAT masu wannan ciwo. Na goge su na sake ginawa daga tushe. Na duba furogiram ɗin da ake maƙala wa fayil don su tashi da kansu in an rubuta, da DSPFD, su ma suna riƙe da sunan laburaren da aka same su ranar da aka maƙala su. Biyu ne kawai, na gyara. Daga yau binciken DSPDBR ya shiga cikin furogiram ɗin da ke sabunta GWJDAT, in ya ga taga mai kallon waje ya tsaya.

Asabar, 1 Nuwamba

Daren jiya, ƙarshen wata, aikin rufe lissafi ya tsaya. Ƙarfe shida da rabi na safe Oga ya kira: "Injiniya, ina rahoton?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni minti goma." WRKACTJOB ta nuna aikin a MSGW tun ƙarfe ɗaya na dare, yana jiran wanda zai amsa masa. Saƙon CPF4101 ne, bai ga fayil ba.

Laifina ne ɗungurungum. Duk gwajin da na yi da SBMJOB, umarnin tura aiki ya gudana a bayan fage, na yi shi, ita kuma in ba ka hana ta ba jerin aikin da ya tura ta take gada, don haka kullum tana tafiya da jerina mai kyau. Amma aikin dare daga jadawalin WRKJOBSCDE yake tashi, shi kuma daga takardar bayanin aiki yake ɗaukar jeri. Takardar da aka sa masa shekara da shekaru QDFTJOBD ce, wadda ke komawa ga QUSRLIBL, inda babu komai sai QGPL da QTEMP. Shekaru yana tafiya lafiya domin kafaffun sunayen Malam ne ke riƙe da shi. Na zare su, ya zube.

Na ƙirƙiri takardar aiki ta musamman mai cikakken jeri, na mayar da ayyukan jadawali 14 kanta, na kuma sa kiran SAITAJERI a layin farko na kowanne. Rahoto ya fita ƙarfe takwas saura. Motocin Dawanau biyu sun jira a bakin sito, direbobin ba su ji daɗi ba, ni ma haka.

Talata, 4 Nuwamba

SQL, harshen tambayar bayanai. Ƙananan furogiram 21 masu SQL a ciki, da manhajar sikelin awo da ke shigowa daga waje ta hanyar haɗi mai suna JDBC. A nan zare suna kawai ba ya wadatarwa, sai ka san da wane salon suna aka harhaɗa. A salon *SYS, sunan da ba a faɗi laburarensa ba jeri yake bi. A salon *SQL kuwa ba ruwansa da jeri, laburare mai sunan asusun mai aiki yake nema. Shi ya sa yaron ya samu SQL0204 tana cewa ba ta ga MANOMA a laburare mai sunansa ba, ya zo yana tambaya ko na'urar ta san shi ne. Na sa a rubuta zaɓin salon a cikin rubutun tushe da SET OPTION, kada ya dogara da wanda ya harhaɗa. A ɓangaren sikeli kuma na gyara saitin haɗin, salon suna ya koma na tsarin na'ura, jerin laburare ya shiga wurinsa. Wannan ya zama wuri na biyu da jerin ke zaune, ban so ba, amma na rubuta shi a bangon kundin nan da jan biro.

Litinin, 10 Nuwamba

Shingen Malam. Na zuba duk asusun ma'aikata a fayil na duba laburaren yanzu na kowa. Mutum tara suna da nasu na kansu, kuma laburaren yanzu yana gaban kason mai amfani, wato yana gaban KAYADAT da KAYAPGM duka. A ɗaya daga ciki na tarar da kwafin furogiram ɗin rangwamen danshi na 2017. A da ba ya cutar da kowa domin ana kiran na gaske da cikakken suna. Da na zare sunan, mai wannan asusu zai riƙa yanke wa manoma nauyi da tsohon lissafi, shi kaɗai, a tebur ɗaya, ba wanda zai lura sai an yi rigima a bakin sikeli. Na sa SAITAJERI ta share laburaren yanzu ma, na kuma sa LMTCPB, mai taƙaita buga umarni, a *YES ga duk wanda ba ya buƙatar layin umarni. An yi gunaguni. Wani ya ce shekara goma sha biyu yana buga WRKSPLF, umarnin duba rahotannin da ke jiran bugu, da hannunsa. Na sa masa ita a menu.

Sai furogiram huɗu masu aron ikon mai su, waɗanda aka harhaɗa da *OWNER don akawu ya iya sauya farashi ba tare da an ba shi ikon fayil ɗin kai tsaye ba. Duk furogiram ɗin da suka kira yana cin wannan aron, sai in an hana. Idan kiran ya bi jeri, duk wanda ya iya cusa furogiram mai suna iri ɗaya a sama ya samu mabuɗin sito. A nan na ajiye aƙidata. Na bar kiran da cikakken suna, umarnin tsarin ma na rubuta su da QSYS a gaba. Don gwaji, sunan laburaren yana fitowa daga wani wurin ajiya da mai asusun tsaro kaɗai ke iya taɓawa. QTEMP ma na bar ta a kafe duk inda ake nufin ta, domin kowane aiki da tasa, kuma DLTF, umarnin goge fayil, ba tare da sunan laburare ba abu ne da ba na son gani ko a mafarki.

Talata, 18 Nuwamba

Hunturu ya fara, ƙura ta shiga madannai, harafin L yana maƙalewa, abin haushi ga mai buga *LIBL, wato "bi jeri", wuni guda. Inda muke: daga 163, an zare 149. Huɗu an bar su da gangan, na rubuta dalili a saman kowanne. Goma ba mu da rubutun tushensu. CL shida daga ciki RTVCLSRC ta dawo mana da su, sauran huɗun RPG ne, sai an sake rubutawa. Na kira Malam ko yana da kwafi, ya ce akwai wani kwali na kaset a ɗakin ajiya na tsohon ofis, in gara ba ta riga mu ba.

SMKDAT na Saminaka ya tashi jiya, an shigar da tikiti 30 na gwaji, DSPDBR ba ta nuna taga mai kallon waje ba, KAYADAT bai motsa ba. Hajiya ta duba da kanta, ta ce in gaishe mata da Gwaji Ɗaya.

Saura furogiram ɗin hidima guda uku da DSPPGM ke nuna an ɗaure su da sunan KAYAPGM maimakon *LIBL, sai an gyara kundin ɗauri an sake harhaɗa duk masu kiransu. Na sa wa Alhamis. Gobe da safe ni da yaron za mu je neman kwalin.